Guruf a Kan Keken Baba Maigadi

Ko da duk abin da na gani a aikin koyarwa zai goge daga kaina, akwai guda ɗaya da na tabbata zai tsaya har ranar da za a kai ni makwancina. Ya faru ne a shekarar da aka rufe makarantu a jiharmu saboda rashin tsaro, aka kuma katse layukan waya baki ɗaya. A lokacin ina koyar da Hausa a wata sakandare mai zaman kanta a gefen Talata Mafara. Ni ne kuma sakataren malamai, wato mai rubuta abin da aka faɗa a taro, da gyara abin da bai kamata a ce an faɗa ba.

Ranar da aka sallami ɗalibai kowa ya kama gabansa. Yaran gari suka koma gida, na ƙauye iyayensu suka zo suka kwashe su, wasu Garbadu, wasu Ruwan Gizo, wasu har Damri. Malamai ma suka watse. Mataimakin shugaba da malamar kimiyya suka koma garinsu Bakura, malamin lissafi ya koma Maradun, mu 'yan kaɗan muka rage a Mafara. Wayoyinmu suka koma tocila da agogo.

Mai makarantar wani Alhaji ne da ke zaune a babban birni, can inda sabis bai taɓa ɗaukewa ba. Sati biyu da rufewa sai ga takardarsa, direban motar albasa ya kawo ta a aljihu, ta yi laushi tana warin kayan da ta biyo. Ta ce a ci gaba da karatu ta yanar gizo ba tare da ɓata lokaci ba. A ƙasa kuma aka ƙara da cewa duk malamin da takardar ba ta same shi ba, ya kira waya ya sanar.

Shugaban makarantarmu mutumin kirki ne, sai dai Allah ya jarrabe shi da son tsari. Ko atishawa za a yi, ya fi so a kafa mata kwamiti. Ya tara mu a zaurensa ya karanta takardar sau biyu, a tsaye. Na ce, "Ranka ya daɗe, yanar gizon da ta rage mana yanzu ita ce wadda ke saman silin ofishinka."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam sakatare, rubuta cewa an kawo shawara marar amfani." Na rubuta.

Sai ya shiga gida ya fito da wani ƙaton littafi mai baƙin bango, irin na rajista. A shafin farko ya rubuta da manyan baƙaƙe: GURUF ƊIN MALAMAI. A ƙarƙashi ya sa: Admin, Shugaba. Ya ce littafin zai riƙa zagayawa tsakanin Mafara da Bakura da Maradun, kowane malami ya rubuta darasi, 'yan uwansa su kwafa su raba wa yaran da ke kusa da su. Doka ɗaya ya kafa: kowa ya fara da godiya, don a cewarsa a shekara irin wannan godiya ce ke riƙe zuciya. Gaskiya niyyar mai kyau ce, kuma har yau ina ganin ya yi tunani.

Da aka zo kan wanda zai riƙa kai littafin, kowa ya fara noƙewa. Fetur ya yi wuya, an taƙaita hawan babura, ga kuma abin da kowa ya san yana kan hanya, wanda ba ma son kiran sunansa. Wannan ya tuna da ciwon bayansa, wancan ya ce iyalinsa ta kusa sauka. Ni kuwa na yi bayani cewa a tsari, sakatare ba ya nisa da admin. Muna cikin haka Shugaba ya hango maigadin makaranta a waje, ya jingine kekensa yana jiran a sallame shi. Dattijo ne da ya haura sittin, ɗan gidan malamai, ya yi karatun allo da na littattafai amma bai taɓa shiga aji ba. Tun makarantar tana ɗaki biyu yake riƙe da ƙofarta, kowa Baba yake ce masa.

Shugaba ya ce, "Af, ga Baba. Ai shi ba shi da aiki yanzu, tunda babu yaran da zai hana tsallake katanga."

Baba ya karɓi littafin da hannu biyu, ya jinjina nauyinsa. "Ranka shi daɗe, karatun ɗiyan nan ne cikin wanga?"

"Ƙwarai, Baba. Makarantar ce gaba ɗaya a ciki."

"To, in makaranta ce, ai ni ka gadinta. A ɗaura min."

Haka aka fara. Litinin ya nufi Bakura ya dawo Laraba, Alhamis ya nufi Maradun ya dawo Asabar. Mu kuma mu taru a zauren Shugaba mu buɗe guruf.

Satin farko an rubuta darussa, ba zan yi ƙarya ba. Daga sati na biyu gaisuwa ta fara cin wuri. Ka san gaisuwar mutanenmu: ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina ruwa, ya muka ji da wannan hali. Kafin malami ya gama gaida kowa da sunansa, shafi ya cika, sai ya ce darasi zai biyo baya in Allah ya yarda. Dokar godiya kuwa, ba a daɗe ba ta sami alƙibla guda. Shugaba ya gode wa Alhaji bisa hangen nesansa. Mataimaki ya ga kada a bar shi a baya, ya gode wa Alhaji bisa hangen nesa da na kusa. Ni na tsara masa baitoci goma sha biyu, na kwatanta shi da inuwar da muke fakewa, alhali ko ranar garinmu bai gani ba tun da aka rufe makaranta. Duk muna tunanin wata rana littafin zai isa hannunsa.

Daga nan komai na guruf ɗin waya ya biyo mu cikin takarda. Aka ƙirƙiro 'yar alama biyu da shuɗin biro, shaidar cewa mutum ya karanta. Wanda ya sa alama bai ba da amsa ba, a ce yana girman kai. Wani ya kwafo addu'a ya ce duk wanda ya gani ya rubuta wa mutum goma. Matar wani malami ta saƙa tallan turaren wuta a tsakiyar shafi. Rigima kuma ta tashi tsakanin malamin lissafi da mataimaki kan wanda ya kamata a fara ambata a gaisuwa, kowane martani sai ya yi tafiyar kwana huɗu a kan keke kafin ya isa, ya iske mai shi ya huce, ya sake tayar masa da rai. Wata Asabar muka ga malamin lissafi ya rubuta da jan biro, "Na fita daga wannan guruf." Sati mai zuwa ya rubuta, "Ban dawo ba, ina so ne kawai in ga abin da aka ce bayan fitata." Da abin ya yi tsami Shugaba ya yi amfani da ikonsa na admin, ya manne shafuka biyu da gam. Muka ɗaga su a hasken rana muka karanta.

Mutum ɗaya ce ba ta cika rubutu ba, malamar kimiyya. Layi ɗaya take sawa: "Alhamdu lillahi, muna lafiya, Allah ya kare mai kawowa." Har takardar gargaɗi Shugaba ya sa na rubuta mata saboda rashin ba da gudummawa a guruf.

Haka muka ci wajen wata biyu. Sai wata Laraba Baba bai dawo daga Bakura ba. Muka ce wataƙila keken ne ya yi faci. Alhamis ma shiru. Da na je na gaya wa Shugaba, ya dafe kai ya ce, "Inna lillahi! Har da littafin?" Na daɗe ina ba da wannan labari don a yi masa dariya, amma yau zan faɗi sauran: ni ma abin da ya fara zo mini shi ne wani zazzafan martani da na rubuta wa malamin lissafi, wanda nake ɗokin jin yadda zai ƙona shi.

Da hantsi matar Baba ta zo ƙofar gidan Shugaba, tsohuwa da lulluɓinta. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam, ba waya, ba sallahu. Ku kunka aike shi. Ina kunka aike shi?" Babu wanda ya iya kallon idonta.

Washegari ni da Shugaba muka sami mota zuwa Bakura. Wannan ne karon farko da ɗayanmu ya taka hanyar da muke tura dattijo a kanta duk sati. Tafiya ce da a da ba ma ɗaukarta komai, amma ranar ta yi mana tsawo. Dawa ta yi tsayi dama da hagu, gonaki babu kowa, direba yana gudu yana salati. Na riƙa hango Baba shi kaɗai a nan, yana taka feda, da baitocina a bayansa.

A zauren mataimaki aka ce mana tun Talata ya tashi, ya ce zai biya ta Damri. Shugaba ya ce, "Damri kuma? Ai ba mu da malami a Damri."

Malamar kimiyya, wadda aka aika aka kira, ta ce daga bakin ƙofa, "Babu malami, ranka ya daɗe, amma akwai ɗalibai uku."

Ita ta buɗe mana abin da ba mu sani ba. Tun satin farko Baba ya roƙe ta ta riƙa rubuta aikin gida a 'yan takardu, shi kuma ya bi gidajen yara ya raba, ya karɓo na baya ya kawo mata ta duba. Ba ta da lokacin guruf ne saboda tana koyarwa. Na tuna takardar gargaɗin da na rubuta mata da kyakkyawan rubutuna, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shugaba ya fara maganar kafa kwamitin zuwa Damri ke nan, muka ji ƙarar amalanken shanu a waje. Wani manomi ne, uban ɗaya daga cikin yaran nan uku, ya kawo Baba kwance a kan buhunan gero, ƙafafunsa a naɗe da tsumma, gefen goshinsa a kumbure. Muka kama shi muka shigar da shi zaure. Ya ƙi cewa komai sai da ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi iyalinmu. Sannan ya kwance rawanin da ya ɗaure cikinsa da shi, ya ciro littafin ya miƙa wa Shugaba.

Ya ce, "Ga amanarku. Keke dai sun amshe. Su huɗu ne, da bindigogi. Da nit tsaya gardama, guda yab buga min gindin bindiga. Sunka ce mi ka cikin rigata, nic ce makaranta ce. Guda yab buɗe, yad duba gaba, yad duba baya, yaj jeho min abina."

Na sha tunanin wannan daga baya. Mutanen da ba sa barin ko akuya sun duba aikinmu na wata biyu, ba su ga abin ɗauka ba.

A ƙasa ya taka har Damri, ƙafa ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, manomin ya yi jinyarsa kwana biyu kafin ya iya zama a amalanke. Muka kawo shi Mafara a mota, aka kai shi asibiti aka duba shi.

Bayan kwana huɗu ni da Shugaba muka je gaishe shi da la'asar. Shugaba ya taho da littafin a hammata, don ya saba. Muka sami Baba a kan tabarma ya miƙe ƙafa. Bayan an gaisa ya dube ni ya ce, "Malam, ina da roƙo. Wata biyu ina ɗaukar wanga littafi, ni ko ban iya boko ba. Karanta min in ji mi nike ɗauka."

Na dubi Shugaba. Shugaba ya dubi rufin ɗaki. Na buɗe, da niyyar in ƙirƙiro darasin nahawu daga kaina, amma dattijon ya kafa mini ido irin na mai jiran wa'azi, na kasa. Na karanta abin da ke rubuce. Na karanta gaisuwa. Na karanta godiya ga Alhaji, da ta mataimaki, da baitocina goma sha biyu, muryata tana ƙara ƙanƙancewa. Na karanta turaren wuta. Na karanta fitar malamin lissafi da rashin dawowarsa. Shugaba sai tari yake yi, babu mura.

Baba ya saurara har na gaji. Ya ce, "Ni ba a ambace ni ba ko wuri guda?"

Na yi ta juya shafi. Ban da addu'ar malamar kimiyya, wuri ɗaya na samu, da rubutun Shugaba. Na so in tsallake, Shugaba da kansa ya ce a hankali, "Karanta." Na karanta: "Sanarwa daga admin. A gaya wa maigadi ya daina taɓa littafi da hannun ƙosai."

Sai Baba ya fashe da dariya, har yana riƙe goshinsa mai ciwo. Ya ce, "To alhamdu lillahi, ashe ina ciki!"

Da ya zage mu da ya fi mana sauƙi. Ya share hawayen dariya, ya karɓi littafin ya juya shi ta baya, ta inda masu ajami ke farawa, inda babu ɗayanmu da ya taɓa leƙawa. Shafuka shida cike da rubutunsa, ƙanana, a jere. Ya bi da yatsa yana karanta mana. Sunayen ɗalibanmu ne, kowa da garinsu da halin da ya same shi. Wance a Garbadu tana nan lafiya, tana karatu. Wane a Ruwan Gizo mahaifinsa ya rasu, an yi gaisuwa da sunan makaranta. Su wane sun yi gudun hijira zuwa gidan kawunsu a Maradun, ga unguwar. Wane ya fara ɗinki, ya ce ba zai dawo ba, an lallashe shi sau uku, ya ce zai duba.

Ya ce, "Nig ga gaba ya cika da na manya, shi ne nis sa yara a baya. Ku yi haƙuri da na ɓata muku littafi."

Shugaba ya dubi shafukan. Ya cire hularsa, ya mayar, ya sake cirewa. Daga ƙarshe ya ce, "Baba, mu ne za mu ba ka haƙuri." Bai ce in rubuta ba.

Da aka ba da izinin buɗe makarantu, da shafukan nan shida muka nemo yaranmu gida gida. Malamin lissafi ya ɗauki Maradun, mataimaki ya ɗauki Bakura, suka haɗu a zauren Shugaba suka yi musafaha, ko da yake kowanne ya ce ɗayan ne ya fara miƙo hannu. Ba duka yaran suka dawo ba. Akwai waɗanda har yau ba mu san inda iyayensu suka yada zango ba. Amma mafi yawa sun dawo, har da mai ɗinkin.

Alhaji ya aiko cewa a shirya taron godiya, zai zo da kansa. Aka kafa rumfa a filin makaranta, aka jera kujeru, aka sassaƙo masa allon yabo bisa nasarar karatu ta yanar gizo. Baba kuwa yana bakin ƙofa a kan bencinsa, da sanda, don a tsarin taro an rubuta cewa maigadi zai kula da shige da fice.

Ƙarfe goma Alhaji ya zauna. Goma da rabi kujeru babu kowa sai malamai. Sha ɗaya Shugaba ya ce in je in ga abin da ya hana iyaye zuwa. Ashe sun zo tun da safe. Suna bakin ƙofa, maza da mata, mutanen Garbadu da Ruwan Gizo da Damri da Maradun, sun yi layi har titi, kowa yana jiran ya durƙusa ya gaida Baba. Kuma gaisuwar tamu ce, ba a gajarta ta. Ina gajiya, ina ƙafa, ya jiki, Allah ya saka. Wata ta kawo ƙwaryar fura, wani kaza. Manomin Damri yana riƙe da sabon keke da iyaye suka haɗu suka saya, ba tare da kwamiti ba. Baba sai cewa yake, "Ku shiga, manya na jira," babu mai motsi.

Na koma na raɗa wa Shugaba. Ya dubi Alhaji, wanda ya riga ya fara jawabi ga kujeru, ya jira ya kai aya. Sannan ya tashi, ya ɗauki lasifika da hannunsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, taron ya koma bakin ƙofa." Alhaji ya tattara babbar rigarsa ya biyo mu. A hanya aka ba shi labari a taƙaice. Tsakani da Allah ya yi abin kirki: ya shiga layi a bayan wata tsohuwa, da allon yabonsa a hammata, ya jira har aka zo kansa.

Jawabin Shugaba a ranar shi ne mafi gajarta a tarihinsa. Ya ce, "Jama'a, wata biyu muna godiya, ba mu san inda za mu kai ta ba. Baba, mun gode." Aka ɗauki kabbara. Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah muka wa godiya, da ya maido muna ɗiyanmu." Sai ya ɗaga sanda ya nuna wasu yara biyu da suka ga hankali ya ɗauke suka fara hawa katanga.

Abin da wannan shekara ta koya mini shi ne, godiyar irinmu ta fi son hawa sama, inda ake ganinta, alhali wanda ya ɗauke mana nauyi yawanci yana ƙasa, kusa, inda ba ma dubawa. Kuma zumunci ba yawan rubutu ba ne, zuwa ne a ga mutum da ido. Tun daga lokacin, duk sa'ad da bakina ya cika da yabon wani babba, sai in dakata in tambayi kaina: wane ne ya taka hanyar?